Kwali a Bakin Shagon Kurma

Kurma ba kurma ba ne. 'Yan layin masu gyaran kwamfuta ne suka laƙaba masa sunan, saboda sai ka gaji da magana kafin ya mayar maka da ɗaya. Amma kunnensa garau yake. Yana jin har abin da ake faɗa a bayan katakon da ya raba shagonsa biyu.

Da can shagon ɗaya ne, kuma nasa ne. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ita ta roƙe shi ya ɗauki ƙaninta ya koya masa sana'a, ya ɗauka don bai saba ce mata a'a ba. Ƙanin ya fito da hannu, har layi ya sa masa suna Ƙwaro. Aikin da ya ɗaga shagon shi ne ƙure gudu: a sayi firosesa mai araha, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, a ƙara masa wuta da sauri fiye da yadda kamfani ya tsara, har ya kamo ƙafar mai tsada. Kurma ke zaɓen kaya, Ƙwaro ke zama gaban sikirin yana hawa da lambobi. Kuma ya iya hawan, ba a ƙwace masa. Abin da bai taɓa zama ya koya ba shi ne zaɓen madabod, babban allon da firosesa da sauran kaya suke zaune a kansa. A ganinsa wannan aikin tsofaffi ne, masu juya kaya a hannu suna ƙwanƙwasawa kamar masu sayen kankana.

Da ciwo ya kwantar da matar, Kurma ya tare a asibiti ya bar masa shago. A tsakanin nan kwamfutar wani mai haɗa bidiyon biki ta ƙone, har da faifan da aikin mutane yake ciki. Ƙwaro ya bi layi shago shago yana cewa Yaya ne ya haɗa ta kafin ya tafi, hankalinsa ba ya jikinsa, a yi masa uzuri. Da muryar tausayi ya faɗa, wadda ta fi zagi saurin shiga kunne. Kurma ya dawo daga zaman makoki ya tarar an shirya da mai ginin da shagon yake ciki, an kafa katako a tsakiyar shago, ƙofa ta zama biyu.

Tun daga nan aikinsa ya koma canjin sikirin da wanke kibod da shayi ya zube a ciki. Wanda ya kawo masa kwamfuta ma sai ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, don Allah Malam kada a taɓa mata gudu. Rabin shago bai hana shi barci ba. Sunan mai ƙona kaya ne ya tsaya masa a wuya, shi yake so ya cire, kuma ba a ƙasa yake so ya ajiye shi ba, a wuyan mai shi. Mutum ne mai karatu, ya san abin da littattafai suka ce a kan haƙuri. Ya kuma lura babu ko ɗaya cikin marubutan da aka taɓa katse masa shago yana makoki.

Akwai abin da ya daɗe da ganewa bai gaya wa kowa ba. Duk sanda ya sayo madabod ya ajiye kwalin a bakin ƙofa don masu shara, ba a jimawa Ƙwaro zai fito miƙe ƙafa. Zai yi hamma, ya dubi sama, ya dubi kwali. Kafin mako ya zagayo irin wannan allon ne a teburinsa.

Wata safiya wata Hajiya mai gidan gem, inda matasa ke biya su yi wasa a kwamfuta, ta shigo layin. Ta fara leƙa ƙofar Kurma, sai ta ja baya ta tambayi mai sayar da caja ko wannan ne wanda aka ce yana ƙona kaya, ta shige ɗaya ƙofar. Ta bayan katako Kurma ya ji komai. Sabon ɗaki ta buɗe, tana son a cika shi da kwamfutoci masu gudu, amma ba ta son kashe dukiya. Ƙwaro ya ce ta zo gidan magani. Ya yi mata bayanin cewa firosesa iri biyu ne, wani a kulle yake ba ya karɓar ƙari, wani a sake, ya ambaci wani mai araha cikin na saken. Kurma ya gyaɗa kai shi kaɗai. Zaɓin daidai ne. Da ta tambayi madabod sai Ƙwaro ya yi dariya.

"Wannan ki bar mini, Hajiya. Kowane mai sana'a da sirrinsa."

Sirrin yana zaune a bayan katako yana goge kibod.

Da rana Kurma ya tafi wurin dilan da duk layin ke sayen kaya a hannunsa. Ya sa aka fito masa da allo biyu da farashinsu ya yi kusa. Na farko mummuna ne, ba ado, amma a gefen mazaunin firosesa, inda ƙananan tubalan da ke tace wuta suke jere, an ɗora musu ƙarfe mai kauri mai shanye zafi. Waɗannan tubalan su ke shan wahala idan an ƙure gudu, ba firosesa ba. Na biyu kuwa amarya ne: fitilu kala kala, zane kamar fuka-fukin gaggafa, kan tubalan an rufe da wani abu mai ƙyalli. Kurma ya ƙwanƙwasa shi da farce. Roba ce aka yi wa fenti. Ya leƙa ƙarƙashi, tubalan ma ba su cika ba.

Dama mai kemis ɗin bakin titi ya ba shi aikin 'yar kwamfutar buga rasit, wadda ba za ta taɓa yin gumi ba a rayuwarta. Kurma ya ɗauki amaryar. Sannan ya sunkuya ya rage murya ya ce wa dila wannan ya tsaya tsakaninsu, kada kowa ya ji. Ya san dila. Da ya ce masa ya yi shela, mai yiwuwa ya manta.

Ya haɗa ta mai kemis, ya fito da kwalin ya jingina shi a bakin ƙofa, sunan yana kallon hanya. Bai gama zama ba ya ji hamma a waje.

Ƙwaro ya kwashe duk irin allon da ke wurin dila. Ya yi gwaji yadda ya saba: akwatin kwamfuta a buɗe a kan tebur, na'urar sanyi tana busawa daga sama, fanka a tsaye tana kallon cikin. Can baya, idan Ƙwaro ya gama nasa, Kurma kan rufe akwatin ya kai shi sito ya bar shi yana aiki cikin zafi, Ƙwaro yana masa tsiya wai Yaya ya kai kwamfuta horo. Da shago ya rabu sito ya faɗa ɓangaren Kurma, horon ma ya tafi da shi. A ƙarƙashin sanyi kuwa ko wane allo jarumi ne. Lambobi suka hau suka zauna daram.

Ƙwaro ya buga katako. "Yaya, kana nan? Zo ka ga gudu, ko ka wanke ido."

"Allah ya sa albarka," in ji Kurma.

A gidan gem, Hajiya ta sa kafinta ya yi wa kowace kwamfuta ɗan kabad a ƙarƙashin tebur, da ƙofa da kwaɗo, don kada 'yan wasa su zare mata kaya. Ɗakin ba taga, kullum cike da mutane. Labari ya fara zuwa layin a guntu-guntu. Wai wasa yana sarƙewa ana tsakiyar yi. Wai suna mutuwa da kansu sai an jira sun huce. Ƙwaro ya riƙa zarya yana dawowa da goshi a murtuke, yana zagin masu wutar lantarki. Daga baya aka fara maganar ƙauri.

Ranar da Hajiya ta dawo, da la'asar ne, layi a cike. Ta sa direba ya buɗe but ɗin mota ya jera allunan a ƙasa a gaban ƙofofin biyu, kamar mai baje kolin kifi. Ba ta ɗaga murya ba, ita ce ma abin tsoron. Ƙwaro ya fara ɗora laifi a kan wutar lantarki, ta ce na'urar daidaita wutar shi ya sa ta saya. Ya koma kan kafinta, ta ce a gabansa aka auna kabad ɗin, har ya yaba aikin. Mutane sun taru. Ya duba hagu da dama, sai tsohon hali ya motsa. Ya nuna ƙofar Kurma ya ce ga wanda ya jawo, shi ya zaɓi allon.

Kurma ya fito yana goge hannu da tsumma.

"Shawara ka zo nema na ba ka?"

"Ba ka ba ni ba, amma..."

"Ni na sayar maka?"

"Kai ka fara saye, Yaya. Da idona na gani."

"A ina ka gani?"

Mai caja, wanda teburinsa ke kallon ƙofofin biyu, shi ya amsa masa. Ya ce a kwali mana, wa bai san miƙe ƙafar Ƙwaro ba, shi da ya ɗauka ciwon baya ne. Dariya ta kama daga gaba ta bi har baya. Hajiya ba ta yi ba. Ta tambayi Ƙwaro ko wannan ne sirrin da ya ce ta bar masa, sharar maƙwabci.

Kurma ya ɗauki allo ɗaya, ya sa sukundireba ya ɓamɓare murfin mai ƙyalli, ya miƙa wa na kusa da shi. Ya narke ta ciki, ya lanƙwashe. Ya bar shi ya zagaya hannu hannu. Ya ce gaskiya ne ya sayi guda ɗaya, yana kemis yana buga rasit lafiya lau, mai so ya je ya gani. Keken kai yara makaranta ne, wanda ya shiga tsere da shi ya san dalilinsa.

Wani dattijo mai gyaran firinta, wanda ba ya shiga abin da ba ruwansa, ya daɗe yana juya robar a hannu. Sai ya ce, to shi fa yanzu wani abu ya faɗo masa. Waccan ta mai bidiyo, wa ya zaɓi allonta?

Kurma bai dubi kowa ba sai Ƙwaro. "Ni dai ina asibiti wajen yayarsa. Babu kwali a bakin ƙofa a lokacin."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Mai caja ya cire hula ya sosa kai. Dattijon ya ajiye robar a kan teburin Ƙwaro ya koma shagonsa.

Hajiya ta juyo ta kira Kurma da Malam, ta ce a yi haƙuri da abin da ya wuce, ya karɓi aikin. Ya ce firosesocin da wuya wani abu ya same su, zaɓinsu daidai ne. Allo za a sake, a yanka wa kabad bayansa. Amma sai ya gama wani kibod da ke gabansa, mai shi ya riga ta zuwa. Ta ce za ta jira. Ya bar ta a tsaye.

Da layi ya fara watsewa, Ƙwaro ya zo ya tsaya a bakin ƙofar da rabonsa da ita tun ranar da aka kafa katako.

"Da yayata tana raye ba za ka yi mini haka ba."

"Da tana raye ita za ta yi maka. Ita ba sai ta sayi madabod ba."

Ƙwaro ya ce, "To shi ke nan, ka ci. Ka huce?"

Kurma ya ajiye burushi. Tambaya ce ta gaskiya, don haka ya duba da gaske, yadda yake kara bayan hannu a jikin ƙarfe ya ji ko za a iya taɓawa.

"Tukuna," ya ce. "Matsa daga haske. Kuma idan ka ga mai ginin nan ka ce ina nemansa a kan maganar katako."