Zane Mai Tozo Biyu

A ajin fasahar ƙere-ƙere ba mai kiranta da sunanta, Gardama ake ce mata, kuma ita ta jawo wa kanta. Yarinya ce da in ka ba ta injin yanka ƙarfe sai ka rantse tare aka haife su, amma ka ajiye mata lissafi a gaba, nan take ido zai raina fata. Darasin ƙididdiga ya kayar da ita bara. In ya sake kayar da ita bana, dokar makaranta ta ce ta tattara nata ya nata ta kama hanyar gida.

Aikin da malamin ƙididdiga ya bayar bai yi kama da abin tsoro ba. Akwai bokitin noti a ɗakin injina. Kowane rukuni zai ɗebo, ya auna kaurin kowane noti, ya zana yadda awon ya bazu, ya fitar da matsakaici. Kowa ya san yadda zanen kirki ke fita, tudu ɗaya a tsakiya, ya gangara dama da hagu. Kowa kuma ya san yadda ake samo shi, don gadonsa aka yi daga 'yan ajin gaba: ka zaɓi noti da ido, masu kama da juna, duk awon da ya yi nisa da 'yan'uwansa ka yi kamar ba ka gan shi ba.

Ita kuwa Gardama sai ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu har gindin bokiti, ta gauraya, ta kawar da kai tana ɗebowa, don littafi cewa ya yi kada ido ya yi zaɓe. Da ta zana nata, sai ga tozo biyu da kwari a tsakaninsu.

Shugaban rukuninsu, wani dogo da ake kira Ciyaman saboda son girma, ya kalli takardar ya ce shi bai aike ta zanen raƙumi ba. Ya lallashe ta, ya nuna mata awon da za a share, ya tuna mata cewa ita ce mai wuƙa a wuya, su ko kaɗan suka samu sun tsallake.

"Da hannuna na auna su," ta ce. "In ƙarya za ku yi, ku yi da sunanku."

Suka kuwa cire sunanta. A gida Inna ta ji labarin tana ninke wanki, ta ce tun tana goye haka take da taurin kai, ta bi jama'a mana ta huta. Gardama ta ce to, Inna, ta shige ɗaki. Tsoro kam ta ji shi, amma ko awo ɗaya ba ta share ba.

Ranar gabatarwa rukuni bayan rukuni suka fito da tudunsu, sumul kamar an goge. Malam, wani dattijo da gilashi a kan karan hanci, kai kawai yake gyaɗawa. Da Gardama ta manna nata a allo, aji ya fashe da dariya. Malam ya bari suka gama, sannan ya ce duk shekara notin inji biyu masu kauri daban-daban yake haɗawa a bokitin nan da gangan, duk shekara kuma tudu ɗaya ake kawo masa, saboda haka masu tudu su koma su sake awo. Ciyaman ya shiga binciken farcensa.

Har Gardama ta fara hura hanci, sai Malam ya tambaye ta matsakaicin da ta samu. Ta karanta da ƙarfi. Ya ce ta nuna masa inda ya faɗa a zanen. Yatsanta ya sauka tsakiyar kwarin nan, inda babu noti ko ɗaya. Ashe ta tara awon inji biyu wuri guda ta raba, ta fito da kaurin da ba injin da ya taɓa yankawa. Malam ya ce awonta daidai ne, lissafinta kuwa ya ɓaci, darasin nan kuma na lissafi ne, don haka makinta bai kai ba.

Kunya ta rufe ta, haushi ya biyo baya. Ta ce a ba ta alli. Malam ya ce lokaci ya ƙare. Ta ɗauki allin da kanta, ta ja layi a tsakiyar allo, ta ware awon tozon farko daga na biyu, ta fara tarawa. A hankali take yi, leɓenta na motsi, ta rubuta ta goge da gefen hannu. Ɗalibai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Malam ya rataya jaka, ya kai bakin ƙofa.

"Malam, ban gama ba," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ya tsaya jim, sannan ya dawo ya zauna a bencin gaba. Bai taimake ta da ko tari ba. Ta yi kuskure a tsakiya, ta gano da kanta, ta koma farko, gumi na bin wuyanta. Da ta fitar da matsakaici biyu, ya tashi ya bi layukan da yatsa har ƙasa. Ya ce makin tsallakewa zai ba ta cif, ba ƙarin ko ɗaya, kuma rubutunta muni gare shi.

A bakin ƙofar makaranta yayanta, mai ɗaukar ta a babur, ya gaji da jira a rana, ya haɗe rai.

"An kore ki ne, ko in ci gaba da wahalar kawo ki?"

"Ci gaba da wahala, Yaya," ta ce.

Ta haye bayansa ta riƙe masa riga. Ya tayar da babur, suka kama hanyar gida.