Gefen da Babu Ƙashi

Idon karen na hagu ya fito waje, ya bushe kamar dabino. Celina ta durƙusa gaban baron da Baba Musa, tsohon maƙwabcinsu, ya turo karen a ciki tun daga hayin kogi har unguwar Romi.

"Yara ne suka jefe shi, an kwana biyu," in ji tsohon. "Sojoji sun koma bariki tun bara, amma wannan Sojan naku ya ƙi barin bakin ƙofar gidanku."

Ba ta yi dariya ba. Ranar da rikici ya tashe su daga unguwar, mahaifiyarta ta roƙa a tafi da Soja. Celina ta ce a bar shi gadi. Ɗaukar kare na nufin ba za su dawo ba, ita kuwa ba wanda ya isa ya raba ta da gidan da aka haife ta.

Ta bi kwarmin idon da yatsa. A makarantar likitan dabbobi an koya mata cewa na mutum ƙashi ne ya zagaye shi, na kare kuwa ta gefen kunne babu ƙashi, wata jijiya ce kawai ta rufe giɓin. Nan dutsen ya sauka.

"Zai koma ciki, Likita?"

"Da an zo da wuri, da na mayar. Yanzu ya mutu, Baba. Sai cirewa."

"Hanya ce ba ta biyuwa, 'yata. Yau ma da addu'a na haye gada."

Suka sauke karen daga baron, ta yi masa allurar barci. Baba Musa, wanda a da ko rigarsa ba ya bari Soja ya shinshina, shi ya riƙe mata kan. Ta cire idon, ta wanke ramin, ta ɗinke fatar sama da ta ƙasa.

"Gidan fa?" ta tambaya tana wanke almakashi.

"Bango na nan."

"Za mu dawo."

Tsohon ya gyara hularsa, ya kama baro.

Ƙarar tayar ce ta farkar da Soja. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya juya idon da ya rage wajen ƙofa, yana kaɗa wa Baba Musa wutsiya. Celina tana durƙushe dab da shi, ta gefen hagunsa, inda ba ido.