Raƙumin Aliya

Muna yara a Birni, kakarmu Inno kan zana mana hamada a yashin tsakar gida, mu zama fatake. Ita ke ba da labarin, amma farin wuri muke jefawa: in ya faɗi a kife, raƙuminka ya mutu.

Ranar da nawa ya kife, Inno ta dafe shi da hannu, ta ce, "Ga rijiya can, Aliya, raƙuminki ya tsira!"

Yayana Nazir ya yi ta ihun maguɗi, har ya ƙi cin tuwo.

Bana na tarar yana yi wa 'ya'yansa wasan. Wurin autarsa ya kife, idonta ya ciko. Nazir ya dube ni, sannan a hankali ya ɗora hannu a kai.