Wa Ya Ɗinka Rigunan?

"Ku tayar da ni zaune," in ji Inna Tela. "Ba a kare digiri a kwance."

Ni da 'yarta muka ɗaga ta, muka jera mata filo uku a baya. Wallahi ba ta fi ƙunshin yadi nauyi ba. A bakin ƙofa malamai uku daga sashenmu na Adabin Turanci suna cire takalma, Farfesa na rungume da kundin bincikenta.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Da ƙarar kekenta na girma, ita ta ɗinka min rigar makarantata ta farko. Tana ɗinki da rana, tana ajin manya da yamma, sau uku tana zana jarrabawar sakandare. Ranar da na sami gurbi a jami'a na ruga in yi mata albishir, sai ta zaro tata takardar daga ƙarƙashin almakashi. Sashe ɗaya, aji ɗaya. Ina da shekara sha tara, tana da hamsin da takwas.

Ni soyayya ce ta kai ni adabi, ba zan ɓoye ba. In saurayin cikin littafi ya tsaya cikin ruwan sama a ƙarƙashin tagar masoyiyarsa, to ranar ba ni ba abinci. Ita kuwa sai ta ja tsaki.

"Ke Sarkin Kuka, wannan yaron ba shi da aikin yi ne? Mura ce za ta kashe shi, ba so ba."

Ba ta taɓa sa biro a littafi ba, ta ce rashin ladabi ne. Zare take sakawa tsakanin shafuka: baƙi inda marubuci ya faɗi gaskiya, fari inda ba ta gane ba, ja inda ta kama shi yana ɓoye wani abu. Muna aji uku, ana nazarin wani tsohon littafin labari, ta ɗaga hannu.

"Malam, 'yan matan nan kowane babi da sabuwar riga, sai rawa suke. Shafi ɗari huɗu, an faɗi sunan doki, an faɗi sunan kare. Wa ya ɗinka rigunan?"

Aji ya kwashe da dariya. Farfesa bai yi ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Inna, bincikenki ke nan."

Ciwo ya kwantar da ita saura babi ɗaya ta gama kundin. Tana faɗa ina bugawa, hawayena na ɗiga a kan kwamfuta, tana cewa in kiyaye kar in jiƙa mata hujja. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce: ba digiri sai ɗalibi ya kare kundinsa da bakinsa, ga shi likita ya ce makonni suka rage mata. Sau biyar ina hawa benen sashen kafin a yarda a zo gida.

Yanzu ga su a kan kujerun masu jiran ɗinki, keken a lulluɓe a gefe. Tsorona ba Farfesa ba ne. Malamar da muke kira Ba-Sani-Ba-Sabo ce, wadda ta taɓa mayar min da aiki sau huɗu saboda waƙafi.

Ita ta fara, da Turanci, ba ko murmushi. "Kin rubuta shafi saba'in a kan matan da babu su a cikin littafin. Ina shaidarki cewa sun wanzu?"

Inna Tela ta nuna min tarin littattafan da ke kan tebur.

"Na ƙasan. Buɗe jan zare na uku."

Na buɗe, ta sa na karanta. Wata baiwar Allah ta ba da ɗinkin rigar biki ranar Alhamis, ta sa ta ranar Asabar, mai maɓalli arba'in da leshi hawa uku.

Sai ta amsa, da Turancin nan nata mai tafiya a hankali kamar kalmasa, ba ɗinkin da ya kauce. "A zamanin ba keke, da hannu ake yi. Riga irin wannan a kwana biyu, mata huɗu ne, kuma idonsu bai ga barci ba. Marubucin bai ƙirga ba, bai taɓa riƙe allura ba. Ni na riƙe shekara arba'in. Suna cikin littafin, Malama. Suna cikin ɗinkin."

Na ji kamar in fita titi in tsayar da motoci in ce maƙwabciyata ce.

Kusan awa guda suna tambaya, 'yarta na ba ta ruwa da cokali. Suka fita tsakar gida suka yi shawara, suka dawo. Farfesa ya miƙe tsaye ya ce ta ci, da daraja mafi girma.

Ba ta yi murna ba tukuna. Ta dubi Ba-Sani-Ba-Sabo. "Don na cancanta, ko don kun ga ina hanya?"

"Ni ba na tausayi, Inna. Tambayi wannan," ta nuna ni da haɓa.

Inna Tela ta lumshe ido, ta yi hamdala. Can ta buɗe. "Malam, maɓallin hannun rigarka na lilo. Sarkin Kuka, ba shi allura, ni na yi ritaya."

Kwana tara bayan nan ta rasu, da hantsi, ana ta hada-hadar kai yara makaranta a layinmu. Allah Ya jiƙanta. Da masu gaisuwa suka tambayi 'yarta ko ita ce ɗiyar telan nan, sai ta ce, "E, mai digirin."

Bayan sati biyu na mayar da littattafanta ɗakin karatu. Ma'aikacin ya buga hatimi, ya kama wani jan zare zai fizge, sai ya ɗago ya ga fuskata. Ya sake shi. Ina tsaye ya tura keken littattafai zuwa can ciki, ya jera su a kanta ta uku, zarurrukan na reto a ƙarƙashin fanka.