Awon Albarushin Baba Isiyaku

Gwadabe ɗan acaɓa ne. Dabbar da ya taɓa kayarwa a duniya akuya ce a hanyar Tudun Jukun, ita ma da babur, kuma ta tashi ta yi gaba abinta. Amma shi kaɗai ne ɗa namiji a wurin Baba Isiyaku, maharbin da duk Tudun Wada ta sani. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da tsohon, ta ɗauke masa baki da hannun dama, sai ƙungiyarsu ta maharba ta aiko. A ƙa'idarsu, bindigar ɗuri ba ta zama gidan da ba mai harba ta. Nan da Asabar uku za a rataya faifai a taku hamsin, a ba Gwadabe harbi uku. Ya samu ko sau ɗaya, bindiga ta zauna gida. Ya kuskure, Baffa Kailani, ƙanen tsohon, ya ɗauke ta.

To, kowace bindigar ɗuri da irin cikinta. Ka rage mata albarushi, dalma ta faɗi a hanya. Ka cika mata, ta yi sama da baki, ta harbe ka a kafaɗa. Shi kuwa Baba bai taɓa awo da murfi ko ƙaho ba. Tafin hannu yake lanƙwasawa, ya zuba, ya juye. Kuma maharbi ba ya faɗin awonsa sai ya ji tafiya ta zo. Baba ya yi ta jira, har baki ya riga shi tafiya.

Kullum da hantsi Gwadabe na gonakin bayan Dutsen Abba, da murfin kwalba na awo da tsohon kwalin da yake saitawa. Ya ƙara kaɗan, ya rage kaɗan, ya danna da sandar ɗuri. Yau harbi ya yi dama, gobe da awo iri ɗaya ya yi hagu. Kwalin dai na nan lafiya lau.

Ƙanwarsa Sumaiya tana gasa masa kafaɗa da ruwan zafi ta ce, "Yaya, ka gwada saita bishiyar gefe mana, ƙila ka sami kwalin."

"Ke dai danna a hankali."

"Ni na ji an ce tsuntsayen wurin kan kwalin suke taruwa in ka zo. Nan ne ba haɗari."

Bai yi dariya ba. Ita ma sai ta bari.

Ran Juma'a bayan masallaci ya ɗebo gero a kwano, ya durƙusa gaban tsohon, ya buɗe mataccen hannun nan da ƙyar.

"Baba, zan riƙa zubawa. In ya kai awonka, ka ƙifta ido."

Ya fara zubawa. Baba ya ƙifta. Gwadabe ya juye a murfi, ya sake don ya tabbatar. Wannan karon gero ya kusa ninkawa kafin a ƙifta. Na uku, tun bai fara ba ido ke ta ƙiftawa, ruwa na bin kunci har cikin kunne. Yatsun suka koma suka dunƙule a kan geron.

Ran Asabar ta uku maharba suka zauna a inuwa. Harbin farko ya tone ƙasa tun bai kai rabin hanya ba. Na biyu ya kakkaɓo ganyen mangwaro. Na uku Gwadabe ya zaɓi tsakiya, ya yi bismillah, ya ja kunamar bindigar. Hayaƙi ya washe, faifai na ta lilo a iska, ko ƙwarzane babu.

Baffa Kailani ya karɓi bindigar, ya goge bakinta da hannun riga.

"Baffa, don Allah, nawa ne awon? Ko yanzu in sani."

"Ɗana, shekara arba'in ina tambayar yayana. Ni ma rataye ta zan yi a bango."

Gwadabe ya kashe babur tun daga bakin layi, ya turo shi har zaure don kada a ji shigowarsa. Daga ciki ya jiyo Sumaiya tana cewa, "Baba, sha kunun mana, yanzu zai dawo." Ya zauna a kan dakalin zaure, makulli a hannu, bai shiga ba.