Motar Baffa a Ƙarƙashin Tamfol

Ɗayyabu bai taɓa kiran abin da ya yi sata ba. Aro yake ce masa, kuma a farkon lamarin, tsakani da Allah, aron ne.

Direba ne a tashar Kazaure, yana jigilar fasinja zuwa Babura da wata tsohuwar farar Fijo doguwa, irin wadda direbobi ke kira wagon, mai kujeru layi uku da bayan da ke haɗiye buhunan gero ya nemi ƙari. Irin waɗannan motoci sun yi ƙaranci a hanya yanzu, kayan gyaransu kuwa sai mutum ya sha yawo a Kano, ya dawo da jabu. A duk unguwarsu mutum ɗaya ne ke da irin tasa, Baffa Haladu, ƙanin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya har ya yi masa aure.

Baffa malamin gona ne mai ritaya. Tun yana aiki ya sayi motarsa, fara sol, yana lallaɓa ta kamar ƙwai. Ba a cin gyaɗa a cikinta, ba a buga mata ƙofa, kuma a cikinta ya koya wa Ɗayyabu tuƙi, da ranƙwashi a ka duk lokacin da giya ta yi ƙara. Da ciwon ido ya ci ƙarfinsa har ya daina gani, sai ya sa aka shigar da ita rumfar da ke jikin zaure, aka lulluɓe ta da tamfol. Ya kira Ɗayyabu ya ce, "Ga amana nan. Ban ce ka hau ba, ban ce ka sayar ba. Ka riƙa tayar mini da ita duk Juma'a, in ji muryarta."

Ɗayyabu ya ce, "In sha Allahu, Baffa." Har ƙwalla ya yi a ranar, kuma ba ta munafunci ba ce.

Wata rana kafireta ta ba shi kunya a kusa da Achilafiya, mota cike da 'yan kasuwa suna ta yi masa tsiya. Da ƙyar aka jawo ta garejin Toma, bakaniken da ya daɗe yana yi masa gyara. Toma ya duba ya ce wannan ta gama aiki, sabuwa kuma sai an aika Kano. Ɗayyabu ya tuna da yara a gida, ya tuna da wata lafiyayyar kafireta tana kwance a ƙarƙashin tamfol ba ta tsinana wa kowa komai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya kwance ta da niyyar mayarwa kafin Juma'a, kuma ya mayar ɗin. Ya sake kwancewa ranar Asabar.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Lagireto ya bi kafireta, famfon mai ya bi lagireto. Tayoyi suka tafi ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora motar a kan duwatsu. Da wurin sa makulli na tasa motar ya lalace, ya ciro na Baffa ya sa, ya yanka wa kansa makulli na biyu. Kujerar gaba ma, da ya ga tasa ta fara cizon fasinja, ya musanya ta da wadda Baffa ke zama a kai. Ranar da shi da Toma suka zo da kurar ɗaukar kaya da asuba suka ɗauke injin gaba ɗaya, Toma ya goge hannunsa da tsumma ya dube shi.

"Ɗayyabu, wannan aron naka yaushe zai koma gida?"

"Da kaka, in Allah ya yarda. In kasuwa ta buɗe zan sayi nawa in mayar masa da komai."

"Bara ma haka ka ce," in ji Toma, ya ci gaba da aikinsa.

Juma'a kuwa ba ta fasa zuwa ba. Bayan an sauko daga masallaci Baffa zai zauna a kan buzunsa a zaure, Ɗayyabu ya lallaɓo da motarsa ya tsayar a gefen rumfa, ya ɗan kaɗa tamfol don a ji motsi, sannan ya tayar ya taka totur. Daga cikin zaure sai tsoho ya karkata kai yana murmushi. "Ka ji lafiyayyen inji! Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Wannan albarkar ce ke hana Ɗayyabu cin abincin rana duk Juma'a. Yakan koma gida matarsa ta ajiye masa kwano, ya ce cikinsa ne ba daɗi. Kunya yake ji har cikin ƙashinsa, amma kunyar ba ta taɓa kai shi ga ɗaure noti ɗaya ba.

Mutum ɗaya ce a gidan ta san komai, Inna Fatu, matar Baffa, wadda ta goya Ɗayyabu a bayanta. Mace ce da unguwa ta shaida ba ta ƙarya, har in mata suka yi rigima ita ake kira, abin da ta ce ta gani shi ke nan. Kajinta ne suka tona asirin, don sun mayar da ramin da injin ya bari wurin saka ƙwai. Wata safiya ya tarar da ita ta ɗaga tamfol tana kwashe ƙwai a ƙwarya. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ɗayyabu, kajina sun gode da akurki."

Ya durƙusa. "Inna, wallahi zan mayar."

"Ni ban tambaye ka ba. Abin da ya rage wa bawan Allahn nan da yake alfahari da shi biyu ne, motar nan da kai. Ba ni ce zan raba shi da su ba. Amma kada ka kai ni inda zan buɗe baki."

Kullum in za a ja Baffa zuwa masallaci sai ya tsaya ya shafa bonet ta saman tamfol, kamar mai shafa kan jika. Ɗayyabu yakan kawar da kai.

Ana tsakiyar damina saƙo ya zo daga Gwiwa cewa jikin Gwaggo Zara, yayar Baffa, ya yi tsanani, tana son ganin ƙaninta. Baffa ya aika aka kira Ɗayyabu.

"Gobe za ka kai mu Gwiwa ni da Fatu. A motata za mu je."

Ɗayyabu ya yi saurin cewa, "Baffa, ai da mun je a tawa. Hanyar akwai ruwa, kada taka ta ɓaci."

"Taka mai warin daddawa da awaki? A wannan motar na kai Yaya asibiti haihuwar autanta. A cikinta nake so a ce mata na iso. Ko akwai abin da ya same ta ne?"

Ranar wanka ke nan, wadda aka ce ba a ɓoyon cibi. Bakinsa ya buɗe, gaskiya ta zo har maƙogwaro. Ya dubi idanun tsohon, farare, suna kallon gefen da ba kowa, sai ya ji kansa yana cewa, "Lafiyarta ƙalau, Baffa."

Yinin ranar a bakin rafi ya yi shi. Ya wanke motarsa ciki da waje, ya kankare kashin kaji, ya cire ƙarfen ɗaure kaya na sama, ya turara ta da turaren wuta har sai da ya yi tari. Ya koma rumfa ya kwance abin da ya rage da hannun makaho zai iya ganewa, marikin ƙofa da ƙwallon giya da carbin da ke rataye a madubi. Yana kwancewa ya san wannan karon ko shi ba zai iya kiransa aro ba.

Da hantsi ya tsayar da ita a ƙofar zaure ya ce ya fito da ita ya wanke. Inna Fatu ta jawo Baffa, ya sha babbar riga da hula. Ya laluba marikin ƙofa, ya zauna a kujerar gaba, ya gyara zama a ramin da jikinsa ya yi mata shekara da shekaru. Ya ciro makullinsa daga aljihu, ya lalubo wurin da kansa ya murɗa. Mota ta tashi bugu ɗaya. Ta yaya ba za ta tashi ba, makullinta ne, injinta ne. Tsoho ya yi dariya irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidan.

"Fatu, kin ji?"

"Na ji, Malam," ta ce daga baya, tana kallon taga.

Suka bar duwatsun Kazaure a baya, gero da dawa kore shar hagu da dama. Baffa sai labari yake, yadda ya zaga ƙauyukan Roni da ita yana raba irin gyaɗa, yadda ta taɓa tsallake rafi a cike ba ta mutu ba. In suka faɗa rami ƙofar baya ta yi ƙara, sai ya ce, "Tsufa ne, ni ma haka gwiwoyina ke yi." Ɗayyabu na tuƙi gumi na bin bayansa. Sau biyu yana ɗaga ido ga madubi, sau biyun yana haɗuwa da idon Inna Fatu.

A Gwiwa suka tarar da Gwaggo Zara a kwance a kan katifa, ta rame, amma hankalinta garau. 'Ya'ya da jikoki sun cika ɗakin. Ta riƙe hannun ƙaninta suka yi kuka, suka yafi juna, suka koma tsokana kamar yara. Ta ce, "Haladu, an ce a farar motarka ka zo. Ashe tana nan da rai?"

"Tana nan, Yaya, kamar ranar da na ajiye ta. Kuma dalilin da ya sa na ce sai a ita za mu zo ke nan, ina so in yi magana a gabanki. Ina Ɗayyabu? Matso nan."

Ya matso ya durƙusa. Baffa ya lalubo kansa ya dafa.

"Yaron nan na ba shi amana ina makaho. Irin motarsa ce, kayanta sun yi wuya, kowa ya sani. Da wani ne, da tuni ya kwashe ta ya bar mini kwano. Amma ko noti ɗaya bai ɓata ba. Ku shaida, na ba shi motar nan halak malak, ba ta cikin gado. Lada ce ta riƙon amana."

Ɗaki ya ɗauki kabbara da ma sha Allah. Ɗayyabu ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya ce, "Baffa, ni dai..." bai ƙarasa ba, mutane suka ɗauka daɗi ne ya yi masa yawa.

Gwaggo Zara ta yi murmushi. "Kai Haladu, kai da ba ka gani, wa ya gaya maka ko noti bai ɓata ba?"

Wasa take yi, aka yi dariya. Baffa ya juya fuska wajen ƙofa, inda ya san matarsa na zaune.

"Ga idona can. Fatu kullum tana gidan, kuma kin san ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Fatu, gaya wa Yaya. Abin da na faɗa haka ne ko ba haka ba?"

Inna Fatu ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Ta dubi mijinta, fuskarsa cike da annuri, ta dubi marar lafiya. Ɗayyabu ya san magana ɗaya daga bakinsa za ta sauke mata wannan kaya, shi ya kamata ya yi ta, yanzu, kafin ta buɗe baki. Ya sunkuyar da kai, ya bar ta da kayan.

"Haka ne, Malam," in ji ta, da wata murya ƙarama da bai san ta da ita ba.

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Gwaggo Zara ta sa masa albarka, ta roƙi Allah ya ba shi 'ya'yan da za su riƙe masa amana kamar yadda ya riƙe wa Baffansa. Kowa ya ce amin, shi ma aka ji tasa.

Da la'asar suka yi sallama. Ya zaunar da Baffa a gaba, ya zagaya ya buɗe wa Inna Fatu ƙofar baya. Tana tsaye a ƙofar gida da ɗan ƙunshinta a hannu, ba ta motsa ba.

"Malam, ni zan kwana biyu wurin Yaya. In ta ji sauƙi na biyo motar kasuwa."

"To, madalla, kin kyauta," in ji Baffa.

Ɗayyabu ya matsa kusa da ita, ya rage murya. "Inna, in kin tashi ki aiko, ni zan zo in ɗauke ki."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, sai gajiya. Idanunta sun yi ja.

"A'a, Ɗayyabu. Na gode. Ka kai shi gida a hankali."

Ta juya ta shige ciki. Ya daɗe riƙe da ƙofar a buɗe, har Baffa ya leƙo da kai ta taga yana dariya.

"Mai mota, ko sai na biya kuɗin mota ne za mu tafi?"