Notoci Huɗu na Auta

Auta ta shigo cin abincin rana, ta kai loma biyu, ta uku ta tsaya mata a hannu. Na ga fuskarta ta yi fari fat.

“Inna, ban sa notocin ba.”

“Waɗanne notoci kuma, 'yar nan? A cikin abincin?”

Auta ita ce ƙaramar 'yata. A masana'antar yankan ƙarfe da ke bayan layinmu take aiki. Ita ke zama gaban kwamfuta ta tsara wa inji hanyar da wuƙarsa za ta bi, shi kuma Dogo, mijin maƙwabciyata, ya ɗaure ƙarfen a teburin inji ya kunna. Shekara tara tana aiki da manhaja ɗaya, sai satin nan manaja ya kawo sabuwa, wai ta fi sauri.

Tana neman takalminta tana yi min bayani. Ita tsohuwar manhajar, in wuƙa za ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan, sai ta ɗaga ta sama sosai tukuna, ko ba a ce mata ba. Sabuwar kuwa ba ruwanta, yanke hanya take yi ƙasa-ƙasa, sai abin da aka zana mata kawai take kauce wa. Manyan notoci huɗu ke danne ƙarfen. Auta ba ta zana su ba, don ba ta taɓa buƙatar zana su ba.

“To in wuƙar ta doki noti fa?”

“Tarwatsewa za ta yi, Inna. Kamar harsashi.”

“Ai injin na da ƙofa.”

Ta kalle ni, na kalle ta. Duk layinmu an san Dogo ba ya rufe ƙofar nan. Ya yi wa makullinta dabara, yana aiki kansa a ciki, wai shi da kunne yake gane yankan kirki. Matarsa ce ta gaya min, ta ce kada in gaya wa kowa, ni ma haka nake cewa duk wadda na gaya wa.

Ƙarfe biyu suke komawa aiki. Agogon bango ya ce biyu da minti huɗu.

Auta ta kira Dogo, waya na can cikin akwatin kayansa tana ta ruri. Ta kira manaja, a kashe. Sai ta fita da gudu, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Na bi ta da gwiwoyin nan nawa da ko tabarmar salla sai na yi musu magiya. A bakin ƙofa na ga matar Dogo tana shanya.

“Lafiya, Inna?”

“Lafiya lau,” na ce, na wuce. Ban taɓa riƙe labari ya yi min nauyi irin wannan ba. 'Ya'yansa biyar nake ta lissafawa a raina, ƙaramin ko yaye shi ba a yi ba.

Tun daga kwana na ji kukan injinan. Mai gadi ya tare ni, na ce, “Matsa, ɗan nan, na goya uwarka!” Ya matsa.

Ciki ƙara kamar a tsaga kunne, ga warin mai. Can ƙuryar ɗakin na hango Dogo, ƙofar inji a wangale, ya sunkuya ya kara kunne. Auta na ihu, “Baba Dogo! Baba Dogo!” Ko waiwaye. Tsakaninsu injina uku da tulin ƙarafa. Na ga ta tsaya cak, na ce shi ke nan, ta sare. Ashe bango take kallo. Ta daka tsalle ta kama babban makunnin wutar masana'antar da hannu biyu, ta ja shi ƙasa.

Komai ya mutu. Sai wani dogon nishi da injinan suka yi, sannan tsit.

“Wane mara hankali ne?” in ji Dogo. “Wa ya kashe min aiki a tsakiya?”

Auta ta ƙarasa wurinsa. Ta nuna masa da yatsa. Ya haska da tocila. Wuƙar ta gama gefe ɗaya, ta kama hanyar tsallakawa, ta tsaya daf da noti na farko, daidai inda fuskarsa take. Ya sa ɗan yatsansa tsakani. Bai shiga ba.

Manaja ya fito daga ofis yana kumfar baki, injina shida sun tsaya da aiki a baki.

“Ni ce,” Auta ta ce. “Kuskurena ne, ranka ya daɗe.”

“Ba ita kaɗai ba,” in ji Dogo. Ya so ya taka ya je gaban manaja, ko taku ɗaya bai yi ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa, jingine da injin, yana salati yana ƙari.

Da na matso in kama shi, na lura wandonsa a jiƙe yake har gwiwa.

“Ruwan sanyaya inji ne, Inna,” ya ce a hankali.

“Na sani, ɗana,” na ce. “Ruwan inji ne.”